Maƙwabtan Markus

Litinin: daga Manchester zuwa Sparkhill

Ina sallame sallar asuba wayar Yaya Sani ta shigo, wai suna ƙofar gidanmu na ɗalibai a Fallowfield. Gari bai fara haske ba, ga yayyafin nan na Manchester da ba ya tsayawa ba ya kuma zama ruwan kirki. Na sungumi jakata na fito, na tarar da Gwaggo Laraba a kujerar baya ta naɗe cikin rigunan sanyi har uku, ido kawai ake gani. Na gaishe ta, ta amsa da tambayar ko na karya. Yaya ya sauke mu a tashar manyan bas-bas da ke tsakiyar gari, ya ja mini kunne a kan in riƙe masa ita da kyau, ya wuce asibiti wajen aiki.

Na rubuta wannan ne saboda mutanen gida da suka ishe ni da waya, kowa tambayarsa ɗaya: yaya aka ba ni tsohuwa in kai ta Birmingham, na dawo ba ita? To ga yadda aka yi, daki-daki, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Ga wanda bai san ta ba, Gwaggo Laraba maƙwabciyarmu ce a Malumfashi, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Bahaushiya ce 'yar Katolika, mu Musulmi, amma a bayanta na yi rabin goyona. Ɗanta namiji ɗaya ne, Markus, sa'an Yaya Sani. Ya zo Ingila karatu, kuɗin makaranta suka yanke, takardunsa suka ƙare, ya koma aikin kula da tsofaffi a ɓoye, kunya ta sa ya rage kiran gida. Shekara uku ke nan da ya rasu shi kaɗai a ɗakin haya a Birmingham. Kafin labari ya isa Malumfashi, kansil, wato ƙaramar hukumarsu ta nan, ta riga ta binne shi, kuma lokacin ba ko ɗayanmu a ƙasar. Da matar Yaya ta haihu bana, Innarmu ba ta da ƙafar hawa jirgi, aka ce wa zai zo wankan jego. Gwaggo ta ce ita, tun ba a rufe baki ba. Duk mun san dalili, ba wanda ya furta. Ta yi arba'in ɗinta tsaf, washegari ta ce a kai ta wajen ɗanta.

Bas ya tashi wajen shida da rabi. Tafiyar mil casa'in ce ko kusa da haka, a kan babbar hanyar da ta bi ta Stoke da Stafford. Gwaggo ta riƙe fasfonta a hannu tun daga tasha, tana jiran shinge. Da muka yi awa guda ba ɗan sanda ba soja, ta tambaye ni ko yajin aiki suke yi. Gari na wayewa ta ga tumaki birjik a fili ba makiyayi, ta ce lallai ɓarayin ƙasar nan ragwaye ne. Muka sha kunun gyaɗar da ta zubo a filas, muka ɗan taɓa dambun nama, wani Bature a gefenmu yana ta shaƙar ƙamshi yana yi kamar barci yake.

Bayan mun wuce Stafford ne ta kama hannuna ta ɗora a ƙugunta. Na ji lalita, a cike tam. Ta ce mini ƙasa-ƙasa ta sayar da injin markaɗenta kafin ta taho, ta haɗa da abin da Yaya ya ba ta na jego. Injin nan kuwa shi ne cinta shi ne shanta. Na ce na mene ne, Gwaggo? Ta ce na Markus.

Bayaninta shi ne, a addininsu wanda ya mutu bai gama wankuwa ba yana tsayawa a wani wurin tsarkakewa kafin ya shiga Aljanna. Duk watan Nuwamba Katikis ɗinsu, wato malamin cocinsu, yana sanar da cewa a kwana takwas na farkon watan akwai abin da ake kira indaljens, wato sassauci da mai rai zai nema wa mamacinsa. A daidai lokacin kuma ake raba ambulan, kowa ya sa sunan mamatansa da ɗan abin da ya samu, Fada ya yi musu Mas, wato babbar addu'arsu ta coci. Ita a wajenta abu ɗaya ne. Ta shekara uku tana sa ambulan a gida, amma ranta bai kwanta ba, don gani take wanda ya mutu a ƙasar Turawa sai a ƙasar Turawa za a biya masa. Wata a zumuntar matansu kuma ta ce mata a can komai tsada ne da shi, kada ta je da ƙaramin abu. Ni ma ban musa mata ba. A darasin tarihi na sakandare an taɓa koya mana cewa ana sayar da irin wannan abu a Turai, don haka abin da na yi ta lissafawa a raina kawai shi ne yadda zan taya ta neman ragi.

Mun sauka a tashar Digbeth ta Birmingham tara ta ɗan gota, muka hau bas ɗin cikin gari da ke bin Stratford Road. Kantunan atamfa da na gwal, mahauta, masu kayan miya, mata da hijabi ko'ina. Gwaggo ta yi ta leƙe ta taga, can ta juyo ta ce, “Bilkisu, ina Turawan?”

Masaukinmu gidan Anti Rabi ne a unguwar Sparkhill, Bakanuwa, matar wani injiniya abokin Yaya. Ta tarbe mu da tuwon shinkafa miyar kuka, ta kwashe yaranta biyu daga ɗakinsu ta ba mu. Yaran suka gaida Gwaggo da Hausa guntu-guntu, suka koma Turancinsu na Birmingham wanda ni kaina sai na kasa kunne nake tsinta. Da azahar muka taka zuwa cocin Katolika mafi kusa, muka tarar da shi a kulle. Wata tsohuwa mai share harabar ta ce Fada ɗaya ne yake riƙe da coci uku yanzu, sai gobe da safe zai zo nan. Ranar uku ga wata ke nan, Gwaggo ta lissafa da yatsu ta yi tsaki.

Da magariba Anti Rabi ta ji zancen lalita, ba ta ga abin mamaki ba ko kaɗan. Ta ce ai haka ake yi, mu ma muna sadakar uku da ta bakwai, muna haƙa rijiya da sunan mamaci, kuma lada yana isa gare shi. Suka haɗu ita da Gwaggo suka yanke cewa ba a zuwa wajen malami hannu biyu, ko na masallaci ko na coci. Ni dai injin markaɗe ne ya tsaya mini a rai.

Talata: wajen Fada

Mas na safe ne, mutane ba su fi a ƙirga da yatsu ba, yawanci tsofaffi. Na zauna a bencin ƙarshe da hijabina, ba wanda ya kalle ni sau biyu. Cocin ƙato ne, amma sanyin ciki ya fi na waje, don ba a kunna abin ɗumama ɗaki sai Lahadi. Ga bokiti biyu a gefe suna tarar yoyo. A zauren da ke maƙale da cocin kuwa ana ta jera gwangwanayen wake da taliya, mutane sun fara layi tun kafin a buɗe. Wannan ne lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka zaftare tallafi, masu aiki ma suna zuwa karɓar abinci. Gwaggo ta ga Turawa a layin abinci, ta daɗe tana kallo.

Fadan ɗan kudancin Indiya ne, siriri, mai saurin magana, da rigar sanyi a kan rigar aikinsa. Ya shigar da mu wani ɗan ɗaki. Gwaggo ba ta jin Turanci, shi ba ya jin Hausa, ni ce tafinta. Ta ƙi kujera, ta durƙusa a gabansa, ta juya baya ta kunce lalita, ta ajiye kuɗin a kan tebur da hannu biyu. Na faɗa masa abin da ta zo nema da abin da ta sayar.

Ya dubi kuɗin, ya dube ta, ya tura su gabanta da yatsa ɗaya. Ya ce in gaya mata ba a sayar da indaljens. An taɓa samun masu yin haka ɗaruruwan shekaru da suka wuce, abin ya jawo fitina babba, aka haramta, kuma shi in ya karɓi ko kwabo da wannan sunan ya yi zunubi. Na fassara. Ya ce baiko daban ne, wato abin da ake sakawa a faranti ran Lahadi. Da shi ake biyan wuta da gyaran rufi, ya nuna wajen bokitan ya yi dariya, ya ce Allah ya sani yana bukata. In ta bayar don rufi ko don masu layin can zai karɓa, Allah kuma yana ganin sadakar da uwa ta yi tana tuna ɗanta. Amma ba zai karɓa tana zaton kuɗin fitar da Markus ta biya ba. Mas kuma zai yi masa gobe, ko ta sa wani abu a ambulan ko ba ta sa ba.

Sai na tambaye shi don kaina, to in ba kuɗi, me ake yi? Ya ce gafara ta Allah ce, ba a hannun kowa take ba. Abin da ya rage bayan gafara shi ne wankewa, shi ne ake roƙon a sassauta wa mamaci. Za ta furta zunubanta, ta karɓi Jibin Ubangiji, wato gurasar da Fada ke ba su a Mas, ta yi wa Paparoma addu'a, ta cire son zunubi daga zuciyarta gaba ɗaya, sannan ta je maƙabarta ta yi wa mamacin addu'a kafin takwas ga wata ya wuce. Sau ɗaya ake samu a yini, ga mutum ɗaya. Ya ƙara da cewa kowace maƙabarta ta isa, ko ta Manchester, ko ta garinsu.

Na juye mata duka da Hausa, ina murna a raina kuɗin injin sun tsira. Ina ɗagowa na ga fuskarta, murnar ta koma ciki. Ku da kuke gida kun san abin da ake nufi in ka kai wa babba abu ya turo maka da yatsa. Ta ce in tambaye shi ko kuɗin ne suka yi kaɗan. Ya ce a'a. Sai ta faɗi abin da ashe shi ne yake cin ta shekara uku.

“Tambaye shi, ko don an ce Markus ya daina zuwa coci ne?”

Wallahi da ƙyar na iya juya wannan zuwa Turanci. Fada ya taso daga kujerarsa ya durƙusa a ƙasa daidai ita. Ya ce bai san Markus ba, bai kuma san abin da ya gudana tsakaninsa da Allah a sa'arsa ta ƙarshe ba, ba kuma wanda ya sani. Ya ce ba ɗanta ya ƙi ba, kuɗin ya ƙi. Ta gyaɗa kai don ladabi, amma na san ta, ba ta gamsu ba.

Saura furta zunubi. Nan aka tsaya ana kallon-kallo, don Gwaggo ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta faɗi zunubanta ta bakin yarinyar da ta yi wa tsarki ba. Ni ma ban nema ba. Fada ya ce ta faɗa da Hausarta, wanda ake faɗa wa yana ji. Suka shiga, na zauna a waje ina kallon bokiti yana cika. Ta daɗe. Ta fito ido jajir, ta ce mu tafi.

Da rana muka hau bas biyu zuwa maƙabartar da aka binne Markus, can gefen gari. Ofishin a rufe, an rage ma'aikata, kwana biyu kawai ake buɗewa a mako. Na leƙa ta ƙofar ƙarfe na ga kaburbura iya ganin ido, na san ba mai gano na Markus sai da jagora. Muka juyo. A bas Gwaggo ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, abin da aka ba ka kyauta a ƙasar da ko fitsari sai ka biya, ta yaya za ta yarda abin kirki ne? Ta ce Fada ya ga tsohuwa baƙauya ce ya lallaɓa ta. Na yi ta ba ta baki har bakina ya bushe. Daren nan ba ta ci tuwon Anti Rabi ba.

Laraba: Selly Oak da maƙabarta

Ran Laraba Fada yana ɗaya cocin nasa, wajen Selly Oak. Mijin Anti Rabi ya rage mana hanya zuwa Bristol Road, muka ƙarasa a ƙafa cikin ɗalibai masu sauri da kofin shayi a hannu. A tsakiyar Mas na ji ya ambaci Markus da ƙarfi, Gwaggo ma ta ji, kafaɗunta suka motsa. Ta tashi ta karɓi Jibi. A bakin ƙofa akwai akwatin baiko, ta jefa tsaba biyu kamar kowa, ta ce mini wannan na bokiti ne.

Mun isa maƙabarta kafin azahar. Ma'aikaciyar ofis Baturiya ce mai jiki, gashinta ya fara fari, ita kaɗai ce a wurin tana amsa waya tana duba kwamfuta. Na ba ta cikakken sunan Markus da shekarar da ya rasu, ta gano shi nan take. Gwaggo ta taɓa ni ta ce tunda Fada ya ƙi, a tambayi wannan nawa ne dutsen da ake kafawa da suna, kuɗin su tafi can. Na tambaya. Matar ta ce irin wannan kabarin ba a kafa masa dutse. Ta ɗauki rigar ruwanta ta ce bari ta raka mu da kanta. Na ce wa Gwaggo an ce sai mun gani tukuna, ta ce ikon Allah, yau ga kuɗin da ba mai so.

Ni fa ban taɓa shiga maƙabarta ba. A gida mata ba sa zuwa, ko da Babanmu ya rasu iyakata zaure. Niyyata in tsaya a ofis in jira. Amma wa zai yi tafinta? Na gyara hijabi, na yi wa mutanen kabari sallama yadda na ji maza suna faɗa, na bi bayan Gwaggo da matar.

Muka wuce ɓangaren masu duwatsun marmara da furanni, muka yi ta gangarawa har inda ciyawa ta yi tsawo, don an daina yanke ta a kai a kai. Can ƙarshe, kusa da shinge, fili ne kawai shimfiɗe, sai 'yan ƙananan alamu masu lamba a ƙasa. Matar ta tsaya a kan ɗaya ta ce nan ne. A jikin alamar akwai wata tsohuwar kwalba da furen roba da ya koɗe, da ɗan katako an rubuta suna. Gwaggo ta ce in karanta mata. Na karanta, Dennis.

Ta ce to an yi kuskure, a ci gaba da nema. Na juya wajen matar, ta yi mini bayani a hankali. Wanda kansil ta binne don ba a samu danginsa ba, ko an samu ba su da hali, ba a ba shi kabari shi kaɗai. Rami ɗaya ake haƙawa mai zurfi, a sa akwati a kan akwati. Shi ya sa ba a yarda mutum ɗaya ya kafa dutse ba. Su huɗu ne a nan. Ta ce shekarun nan irin wannan jana'izar sai ƙaruwa take yi.

Na yi tunanin in ce mata Dennis sunan mai haƙa kabarin ne, mu yi addu'a mu tafi. Gwaggo ta ce, “Bilkisu, ba a yi miki baki don ki riƙe ba. Me ta ce?”

Na faɗa mata duka, na matsa kusa don in tare ta in za ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Ta tambayi wa ke ƙasa wa ke sama. Matar ta ce Markus ne na biyu. A ƙarƙashinsa wata tsohuwa ce, Margaret, a samansa Dennis, na can sama kuma wani mutum ne da aka tsinta, har yau ba a gano sunansa ba. Gwaggo ta tambaya ko danginsu suna zuwa. Matar ta ce tunda take aiki a nan ba ta ga kowa ba, ko mai kwalbar nan sau ɗaya ya zo.

Sai Gwaggo ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta ce, “Ashe ba shi kaɗai ba ne.”

Ta ce shekara uku ba ta yi barcin kirki ba, tana ganinsa kwance shi ɗaya a ƙasar da bai san kowa ba, yaron da ko ɗaki ba ya iya kwana shi kaɗai. Ta durƙusa a jiƙaƙƙiyar ciyawa, ta ciro carbinta, ta yi ta addu'a da Hausa. Ni na ja gefe, na yi kuka mai isata. Baturiyar ma ba ta koma ofis ba, ta tsaya can nesa da hannu a aljihu har aka gama.

Da ta idar ta miƙo hannu na ɗaga ta. Gwiwoyin zanenta duk laka. Ta ce in maimaita mata abin da Fada ya ce, sau nawa ake samu a yini? Na ce sau ɗaya, ga mutum ɗaya. Ta ce yau nawa ga wata? Na ce biyar. Ta lanƙwasa yatsu uku, kwanakin da suka rage zuwa takwas ga wata, ta dube su, ta ce shi ke nan, ni in tafi, ita tana nan.

Na ce Gwaggo, gobe ina da ganawa da malamin da ke duba aikina a jami'a, ba zan iya ɗagawa ba, Yaya kuma zai cinye ni ɗanya. Na tuna mata Fada ya ce maƙabartar Manchester ma ta isa. Na ce waɗannan mutanen ba ta san su ba, ba ta ma san ko 'yan cocinsu ba ne. Ta ce wannan Allah ya sani. Ta ce mutanen da suka zauna da ɗanta shekara uku, ba za ta zo har ƙofarsu ta gaida nata kaɗai ta juya ba, ba a yi mata irin wannan tarbiyyar ba. Sannan ta dafa lalitar da ke ƙugunta.

“Da na kuɗi ne, kuɗina na mutum ɗaya ne. Tunda ba na kuɗi ba ne, ai ya ishe su duka.”

Daga nan ban sake jin ta ce Fada lallaɓa ta ya yi ba. Ta sa ni na yi ta maimaita mata sunayen har suka zauna, Magaret gobe, Danis jibi. Na ukun ta ce ba za ta tsaya a gaban Allah ta ce wane ba, ta raɗa masa Baƙo.

Komawa

Anti Rabi ba ta bari na gama bayani ba ta ce ɗakin yara na Gwaggo ne har ranar da ta ga dama. Ta buga wa Fada waya ta ji inda zai yi Mas kowace safiya, ta ce za ta kai ta ƙofar coci ta jira a mota, daga can su wuce maƙabarta. Muka fita Stratford Road aka saya wa Gwaggo takalmin ruwa da safa mai kauri daga cikin lalita, ta yi ciniki da hannu da ido har mai kanti ya gaji ya rage. Sauran kuɗin ta damƙa wa Anti Rabi ajiya, ta ce in ta koma gida za ta ga ko mai injin zai yarda ya mayar. Ta zauna ta cinye malmala biyu ta tuwo.

Na hau bas ɗin la'asar daga Digbeth. Aka yi cunkoso wajen Stoke saboda gyaran hanya, ga kujerar gefena ba kowa, ba mai tambayata ina shinge. Mun shiga Manchester bayan magariba, yayyafin yana nan inda muka bar shi. Na wuce gidan Yaya kai tsaye don in sha faɗana in huta. Ya buɗe ƙofa da jaririn a kafaɗa, ya duba bayana, ya ce ina Gwaggo? Na zayyana masa tun daga lalita har zuwa Baƙo. Bai yi faɗa ba. Ya miƙa wa matarsa yaron, ya shiga ɗaki ya rufe, ya jima bai fito ba. Da ya fito ya ce ran Asabar shi zai je ɗauko ta da kansa, yana so ya ga inda abokinsa yake.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Anti Rabi da maigidanta, da yaran da suka bar mana gadonsu, da Fada, da Baturiyar ofis da ta shiga ruwa saboda mu. Ku kuma mutanen gida, ku kwantar da hankalinku, Gwaggo lafiyarta lau, ɗazu muka yi waya. Ta ce in gaya muku yau ta gama da Danis, gwiwa tana ɗan damunta, gobe da safe za ta je wa Baƙo.